Yadda Masana Suka Fassara Kalmar Romantik a Fagen Kiɗa da Zane

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin kiɗan Turawa, irin wanda ake karantarwa da shi a makarantu, zai tarar an yanka tarihin nan gida-gida, kowane gida da sunansa da shekarunsa. Akwai zamanin da suke kira Kilasik, watau na su Haydn da Mozart, sa'an nan na Romantik ya biyo bayansa, tun daga wajen 1820 har zuwa wajen 1900. In kuwa ya ajiye wannan ya ɗauki littafin tarihin rubutattun waƙoƙin Ingila, sai ya ga an ce zamanin Romantik ya fara a 1798, ya ƙare wajen 1830. Ashe lokacin da makaɗa ke shimfiɗa tabarmarsu, mawaƙa sun fara naɗe tasu ke nan. Tushen wannan saɓani shi ne masana sun fi shekara 200 suna gardama a kan abin da kalmar ke nufi, kuma kowane rukuni daga cikinsu da tambayar da yake neman amsarta da ita. Malamin da bai san waɗannan tambayoyi ba zai riƙa ba almajiransa shekaru su haddace, alhali shekarun nan ƙarshen wata jayayya ne wadda ba a nuna musu farkonta ba.

1. Asalin kalmar

Kalmar ta fito ne daga sunan da mutanen Faransa na dā suka ba harshensu na yau da kullum, don su bambanta shi da Latin, harshen malamai da majami'a. Da yake da wannan harshe na gida aka rubuta labarun jarumai da barade da soyayya da abubuwan al'ajabi, sai sunan ya koma kan labarun. A Ingila, tun tsakiyar ƙarni na 17, in an ce abu romantik ne ana nufin ya yi kama da abin da ke cikin labarun nan, watau abin da hankali ba ya ɗauka da sauƙi. Daga baya aka riƙa faɗin haka game da wurare, kamar kufai ko tsauni ko daji mai ban tsoro da ban sha'awa.

Waɗanda suka mai da ita sunan wata hanya ta fasaha su ne wasu samarin malamai da suka taru a garin Jena na ƙasar Jamus. Jagororinsu wa da ƙane ne, August Wilhelm Schlegel da Friedrich Schlegel, waɗanda suka fitar da mujalla mai suna Athenaeum daga 1798 zuwa 1800. A wurin Friedrich, waƙar romantik ita ce wadda ba ta yarda da shingen da magabata suka kafa tsakanin waƙa da zube da falsafa ba, kuma ba ta kammaluwa, kullum tana bisa hanya. Misalan da ya fi kawowa su ne Dante da Cervantes da Shakespeare, waɗanda duk sun daɗe da mutuwa kafin a haife shi. Wansa kuwa, a laccocin da ya yi a Biyana a 1808, ya raba fasahar Turai biyu. Akwai ta Girka da Rum, wadda ya kira Kilasik, mai neman daidaito da cikar siffa, akwai kuma wadda ta taso bayan zuwan addinin Kirista, mai bege da hangen abin da ido ba ya kaiwa gare shi. Shehun falsafar nan Hegel ma, a laccocinsa na Balin cikin shekarun 1820, ya sa duk fasahar zamanin Kirista ƙarƙashin sunan romantik, ya ce zane da kiɗa da waƙa su ne rassanta. Littafin da Madam de Staël ta rubuta a kan Jamus, wanda 'yan sandan Napoleon suka lalata bugunsa na farko a 1810, aka sake buga shi a Landan a 1813, ya taimaka ƙwarai wajen kai wannan rabo Faransa da Ingila.

Abin lura shi ne, a bakin waɗanda suka fara aiki da ita, kalmar sifa ce da ake iya samu a kowane ƙarni. Wordsworth da Coleridge, waɗanda daga littafin waƙoƙinsu na 1798 ake fara ƙirga zamanin a Ingila, ba su kira kansu da sunan ba. Masu rubuta tarihi ne suka laƙaba musu shi daga baya.

2. Hoffmann da simfoni ta biyar

A fagen kiɗa, duk mai bin sawun kalmar sai ya tsaya a kan wani sharhi da ya fito a wata jaridar kiɗa ta birnin Leipzig a watan Yuli na 1810. Wanda ya rubuta shi E. T. A. Hoffmann ne, masanin shari'a, mai shirya kiɗa, kuma mai rubuta labaru. Abin da ya yi sharhi a kai shi ne simfoni ta biyar ta Beethoven, wadda aka fara kaɗawa a Biyana a watan Disamba na 1808. Simfoni dogon kiɗa ne, galibi mai sassa huɗu, wanda taron makaɗa ke yi da goge da abubuwan busa da ganguna, ba muryar mawaƙi a ciki.

Kafin wannan lokaci masu ilmi ba su ɗauki kiɗan da ba kalmomi a cikinsa da muhimmanci ba. A 1790 Kant ya sa kiɗa a ƙasan sauran fasahohi ta wajen abin da yake ƙara wa hankali, domin a ganinsa daɗin kunne ne mai wucewa. Hoffmann ya juya wannan hukunci. Ya ce rashin kalmomin nan shi ne martabar kiɗa, domin kalma tana ɗaure zuciya ga abu ɗaya sananne, amma sauti tsantsa yana buɗe mata ƙofar abin da ba shi da iyaka, saboda haka kiɗan kayan kiɗa zalla ya fi kowace fasaha cancantar sunan romantik. Sa'an nan ya jera mutum uku waɗanda ya ce ruhin nan yana cikin aikinsu, watau Haydn da Mozart da Beethoven, ya ce na ƙarshensu shi ya fi tayar da tsoro da zullumi da bege marar yankewa.

Abu biyu ne masana na baya suka ciro daga wannan sharhi. Na farko, mutanen nan uku da Hoffmann ya kira Romantik su ne littattafan makaranta suka mayar ginshiƙan Kilasik, sunan da aka fara ba zamaninsu cikin shekarun 1830, bayan duk sun mutu. Na biyu, mafi yawan sharhin bin diddigin ginin kiɗan ne daki-daki. Hoffmann ya nuna yadda 'yan sautuka huɗu da aka buɗe simfonin da su suke komowa cikin kama dabam-dabam suna ɗinke aikin, don ya ƙaryata masu cewa Beethoven yana zuba abin da ya zo masa ne ba tsari. Wannan ya rushe zaton da ya yaɗu cewa Romantik shi ne sakin linzamin zuciya. Wani masani na Amurka, Mark Evan Bonds, ya ƙara da cewa abin da ya sake a wajen 1800 shi ne yadda ake sauraro. Mozart ya mutu a 1791, kiɗansa bai sake ko ɗigo ba, amma kunnen da ke jinsa a 1810 yana neman wani abu a ciki wanda na 1780 bai nema ba.

3. Yadda sifa ta zama zamani

Da masu tarihin kiɗa suka ware Haydn da Mozart da Beethoven suka ba su suna Kilasik, sai sunan Romantik ya faɗa kan waɗanda suka biyo baya, tun daga Weber da Schubert, ya bi ta kan Berlioz da Chopin da Schumann da Liszt, har ya kai ga Wagner da Brahms da Mahler, wanda ya mutu a 1911. Littafin Alfred Einstein na 1947 a kan kiɗan zamanin Romantik yana cikin waɗanda suka kafa wannan hoto a makarantu. Alamomin da aka saba lissafawa su ne ƙaruwar yawan makaɗa, da yawan yawo daga sautin gida, watau sautin da kiɗa ke komawa ya huta a kansa, da ɗaura kiɗa ga labari, kamar simfonin Berlioz da aka kaɗa a Faris a 1830 tare da raba wa masu sauraro takarda mai bayanin mafarkin wani saurayi da so ya zautar.

Wannan jeri ya yi wa wasu masana yawa. Friedrich Blume, Bajamushe, a maƙalu biyu da ya rubuta a 1958 da 1963, ya ce babu zamani biyu a nan, zamani ɗaya ne mai fuska biyu. Hujjarsa ita ce kayan aikin ba su sake ba. Yadda ake jera sautuka, da yadda ake auna gaɓoɓin kiɗa, da siffofi irin na simfoni, duk waɗanda Haydn ya yi aiki da su, su ne Brahms ya yi aiki da su bayan shekara 100. A ganinsa, neman daidaito da neman wuce iyaka suna tafiya tare tun daga tsakiyar ƙarni na 18, wani lokaci wannan ya rinjaya, wani lokaci wancan.

Carl Dahlhaus ya zo ta wata ƙofa. A littafinsa na 1974 ya lura cewa bayan tarzomar siyasa ta 1848 marubuta da masu zane a Turai sun juya ga kwatanta rayuwa yadda take, masu ilmi kuma sun ba da gaskiya ga kimiyya da injuna, amma kiɗa shi kaɗai ya zauna bisa tafarkin bege da mafarki. Don haka ya kira kiɗan rabin ƙarnin na biyu sabon Romantik, watau Romantik a cikin duniyar da ta bar shi, inda mutane ke zuwa zauren kiɗa su huta daga hayaƙin masana'antu. Da wannan bayani ya amsa tambayar da aka fara da ita, dalilin da ya sa shekarun makaɗa suka zarce na mawaƙa.

Charles Rosen kuwa, wanda shi kansa gwanin piyano ne, a littafinsa na 1995 ya taƙaita sunan ga tsara ɗaya, tsakanin mutuwar Beethoven a 1827 da ta Chopin a 1849, ya nemi alamarsa a cikin ginin kiɗan kansa. Ya koma ga ra'ayin Friedrich Schlegel game da guntun zance, wanda ya cika a kansa amma yana nuni ga abin da ke wajensa. Misalinsa shi ne waƙar farko cikin jerin waƙoƙi 16 da Schumann ya sa wa kiɗa a 1840 daga baitocin Heine. Ba ta fara a kan sautin gida ba, ba ta kuma ƙare a kansa ba, ta tsaya ne a kan sautin da ke neman abin da zai biyo. Ta haka begen da baitocin ke magana a kansa ya shiga ƙirar kiɗan, kunne yana jinsa ko bai san Jamusanci ba.

4. Fagen zane

A zane wahalar ta fi haka, domin ayyukan da ake kira Romantik ba su yi kama da juna ba. A Jamus, Caspar David Friedrich ya nuna wani zane a Balin a 1810, mutum ɗaya ɗan ƙanƙane tsaye a bakin teku, ba jirgi, ba itace, sai rairayi da baƙin ruwa da sararin sama da ya cinye mafi yawan allon. A Faransa, Géricault ya nuna wani a 1819, mai cike da gawawwaki da masu neman ceto. Labarin gaskiya ne na jirgin Faransa mai suna Medusa, wanda ya yi haɗari a 1816 kusa da gaɓar Muritaniya bisa hanyarsa ta zuwa Senegal, aka bar mutum kusan 150 a kan gadon katako, aka tsamo 15 kawai da rai. A Ingila kuwa Constable yana zanen gonaki da gajimaren ƙauyensu cikin natsuwa.

Masu tarihin Faransa sun daɗe suna bayyana al'amarin da gasar mutum biyu, Ingres mai tsabtar layi da Delacroix mai zafin launi. Amma wannan ma'auni bai kama Friedrich ba, wanda layinsa ya fi na kowa tsabta. Shi ya sa da yawa suka koma ga maganar da Baudelaire ya yi a 1846, cewa Romantik yana cikin yadda mai zane ke jin abu, ba a cikin abin da ya zaɓa ya zana ba. Hugh Honour, a littafinsa na 1979, a kan wannan ya tsaya, ya ce babu salo ɗaya, abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya ɗauki abin da ya gani da idonsa ya ji a ransa ya fi ƙa'idar makaranta iko. Robert Rosenblum kuma, a 1975, ya ja zare daga Friedrich har zuwa Rothko na Amurka a ƙarni na 20, ya ce masu zanen arewacin Turai sun nemi a cikin teku da dutse da haske abin da kakanninsu ke nema a hotunan majami'a. Ya kamata a sani an manta da Friedrich bayan mutuwarsa a 1840, sai wani babban nunin zane da aka yi a Balin a 1906 ya dawo da sunansa. Wannan shaida ce cewa jerin gwanayen Romantik da ke cikin littattafai aikin 'yan baya ne.

5. Abu ɗaya ne ko abubuwa da yawa?

Ganin wannan tarin bambanci, Arthur Lovejoy na Jami'ar Johns Hopkins ya buga wata maƙala a 1924 wadda ta girgiza fagen. Ya ce an ɗora wa kalmar kaya har ta daina nufin kome. Ya nuna cewa abin da aka kira Romantik a Ingila, watau son halitta yadda take da sauƙin rayuwa, ya saɓa da na Jena, mai ɗaukaka gwaninta da sarƙaƙiya, na Faransa kuma ya saɓa da su duka. Shawararsa ita ce a riƙa faɗin kalmar da jam'i, a bi kowane da tarihinsa.

René Wellek ya mayar masa da martani a 1949. Ya yarda akwai bambanci, amma ya ce in an duba manyan mawaƙan Jamus da Ingila da Faransa na wannan lokaci za a tarar sun haɗu a kan abu uku. Sun ɗauki ƙarfin ƙiyasin zuci shi ne tushen waƙa, sun ɗauki halitta abu ce mai rai wadda mutum yake ɓangarenta, sun kuma yi aiki da alama da tatsuniyar dā wajen faɗin abin da zance kai tsaye ba ya iyawa. M. H. Abrams ya ƙarfafa wannan gefe a 1953 da littafinsa mai kwatance da madubi da fitila. A dā, in ji shi, ana ɗaukar mai fasaha madubi ne da ke nuna duniya, daga wajen 1800 aka ɗauke shi fitila mai ba da haske daga cikinta. A 1983 Jerome McGann ya yi wa masu wannan ra'ayi gyara, ya ce sun karɓi abin da mawaƙan suka faɗa game da kansu ba tare da bincike ba, har suka manta da yaƙe-yaƙe da talauci da siyasar da waƙoƙin suka kau da kai daga gare su.

6. Masu zargi da masu kariya

Akwai kuma waɗanda tambayarsu ita ce ko abin alheri ne ko sharri. Tun a 1829 Goethe ya kwatanta Kilasik da lafiya, Romantik da ciwo. Irving Babbitt na Jami'ar Harvard, a 1919, ya ɗora laifin a kan Rousseau, ya ce shi ya koya wa Turai fifita sha'awa bisa kamun kai. Da yaƙin Hitler ya zo zargin ya ƙara nauyi. Peter Viereck ya buga littafi a 1941 yana jan zare daga Romantik na Jamus, ta kan Wagner, zuwa aƙidar Nazi, Jacques Barzun kuma ya tashi kariya a 1943, ya ce mutanen nan magina ne da suka tarar da tsohuwar duniya ta rushe bayan juyin mulkin Faransa na 1789, suka shiga neman abin da za a kafa a gurbinta. Isaiah Berlin, a laccocin da ya yi a Washington a 1965, ya auna gefen biyu. A ganinsa Romantik ya karya tsohon imanin Turawa cewa kowace tambaya tana da amsa ɗaya tak, kuma daga wannan karaya aka sami ɗaukaka ƙabila mai kai ga zalunci, aka kuma sami haƙuri da bambancin al'adu.

Ta wannan reshe na ƙarshe ne zancen ya taɓa nazarin Hausa. Herder, wanda Berlin ya sa cikin iyayen tafiyar, ya koyar cewa ruhin kowace al'umma yana cikin harshenta da waƙoƙin talakawanta, ya kuma buga tarin irin waɗannan waƙoƙi a 1778 da 1779. 'Yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka bi bayansa da tatsuniyoyin Jamus a 1812. Daga nan tattara adabin baka ya zama aikin da malamai ke girmamawa a Turai. J. F. Schön da ya buga Magana Hausa a 1885, da Frank Edgar da ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa daga 1911 zuwa 1913, da R. S. Rattray da ya buga nasa a 1913, kowannensu da tasa bukata, ta mishan ko ta mulki ko ta koyon harshe. Amma tunanin cewa tatsuniyar da tsohuwa ke yi wa jikokinta ta cancanci maɗaba'a, hanya ce da su Herder suka share tun kafin su.

7. Abin da ya kamata malami ya riƙe

In an tattara, za a ga kalmar tana aiki huɗu a bakin masana. Wani lokaci sifa ce, kamar a wurin Schlegel da Hoffmann. Wani lokaci sunan ƙungiya ce ta mutane sanannu a wuri sananne, kamar samarin Jena, ko matasan Faris da suka cika gidan wasa a 1830 don su goyi bayan wasan kwaikwayon Victor Hugo. Wani lokaci sunan zamani ce, wanda iyakarsa ke matsawa gwargwadon fasahar da ake magana a kai. Wani lokaci kuma hukunci ce, na yabo ko na suka. Yawancin ruɗanin da ke cikin littattafan makaranta daga cakuɗa waɗannan huɗu yake fitowa.

Saboda haka, in malami ya gamu da kalmar a littafi, ya fara tambayar wane aiki take yi a wannan shafi, wace ƙasa ake nufi, wace fasaha, kuma wa ya ba da sunan, mai aikin ne ko wanda ya zo bayansa. Ya kuma gaya wa almajiransa cewa Chopin ya fi girmama Bach da Mozart bisa 'yan zamaninsa, Delacroix ma Mozart ne abin ƙaunarsa, Berlioz kuma daga waƙar Virgil ta zamanin Rum ya ɗauko labarin babban wasansa na waƙa a kan mutanen Troy. Bayan wannan sai ya sa musu simfoni ta biyar su saurara, ya nuna musu hoton mutumin nan na bakin teku, ya bar su su gwada wace fassara ce daga cikin waɗanda aka kawo ta fi bayyana abin da suka ji da abin da suka gani.